Mai Sunan Inna Ta Taka

Karofi, ƙasar Dutsin-Ma

Zuwa ga Yaya Hajara a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarki, ina Malam Sule da yara, yaya kuma zaman baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah.

Yaya, 'yarmu mai sunan Inna ta kusa shekara biyu, amma wannan shekarar ta gwada mu. Da bazara ƙyanda ta kama ta, idanunta suka rufe har kwana shida. Uwarta Rabi ba ta kuka a gabana, amma na san tana tuna 'ya'ya biyun da muka binne. Da yarinyar ta warke, ko rarrafen ma ta daina, inda aka ajiye ta nan za a tarar da ita. Haka muka ci damina, kowa na tsoron faɗin abin da ke ransa.

Ran Talata muna roron wake, mun zaunar da ita a gindin ɗorawa, sai ɗan akuya ya tsoma baki a ƙwaryar furarta. Ta dafa itacen ta miƙe, ta bi shi tana faɗa da gwarancinta, taku huɗu kafin ta zube. Rabi ta saki kwando ta ce, "Malam, ka gani, ko idona ne?" Na ce na gani.

Ki sa ta a addu'a, Allah Ya raya mana ita. Ki gaida mutanen gida duka. In fataken goro za su taho, ki aiko mata da 'yan takalma. Yanzu tana da abin yi da su.

Ƙaninki,
Isa