Kalmomi Goma Sha Biyu Daga Kwalin Takalma

Zuwa ga Autanmu, malamin kwamfuta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta wadda ta goya ka, da fatan kana lafiya, kai da wayarka da ta suma yau kwana shida.

Da farko ka miƙa min jinjina ga mutanen nan masu shafin kirifto, kuɗin nan na intanet. Shekarata ashirin ina sayar da takalma a kasuwa, na ga ɓarayi kala-kala, amma ban taɓa jin masu tarbiyya irin waɗannan ba. Ɓarawon kasuwa sai ya bangaje ka, ya yanka maka jaka, ya bar ka da ɗinki. Su kuwa sallama suka yi maka, suka kira ka abokin hulɗa mai daraja, suka nuna damuwa da tsaron dukiyarka, ka ba su mabuɗi da hannunka, suka ce sun gode. Iyayensu sun yi ƙoƙari.

Saƙonka na ƙarshe yana nan a wayata: "Yaya, an kwashe duka. Ki yafe ni." Daga nan ɗif. Na kira har mai gyaran waya na kusa da rumfata ya tambaya ko saurayi ne ya gudu. Shi ya sa na koma takarda da biro, na aiko ta hannun direban da ke kawo min kaya.

An sa ranar aikin idon Mama, Alhamis ta sama. Ta ce kai za ka riƙe mata hannu, wai ni hannuna ya cika gaggawa. Ban gaya mata komai ba. Maganar kuɗin aikin kuwa, ka bar min wannan. Ka kunna waya, ka ci abinci. Direba na ta danna min hon.

Taka har kullum,
Yaya

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan Mama tana samun sauƙi.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Zolayar ba ta yi min ciwo ba, na cancanci fiye da haka. Ni na ce a mayar da kuɗin aikin Mama kirifto don kada darajarsu ta zube kafin lokaci. Ni na buɗe asusu biyu, nawa a wayata, na Mama a wayarki. Ni na ce miki kalmomi goma sha biyun nan su ne mabuɗi, duk wanda ya same su ya samu kuɗin, kada ki ba kowa. Sai ga shi ni na kira ki na karɓa.

Saƙo ne ya shigo ana saura minti goma in shiga aji, wai za a rufe duk asusun da ba a sabunta ba kafin awa ɗaya. Shafin sak na gaske, har launinsa. Na zuba kalmomina, ya karɓa. Na kira ki, kika karanto min na Mama, ya karɓa. Da na fito daga aji na duba nawa, babu ko sisi. Na Mama ba sai na tambaya ba.

Yaya, na san ma'anar "ka bar min wannan" a bakinki. Kayan rumfa za ki karyar. Haka kika yi lokacin kuɗin makarantata, kika ce wai kasuwa ce ta yi kyau. Wannan karon ban yarda ba.

Akwai mafita. Wasu ƙwararru sun tuntuɓe ni, aikinsu dawo wa mutane da kirifton da aka sace. Sun ce sun gano inda kuɗin suke, ladan aiki kawai za a fara biya. Na samu mai sayen kwamfutata, ranar Litinin zai zo. Darasin yamma da nake yi da ita zai tsaya, amma ba komai. Ba zan iya tsayawa gaban Mama ba sai na dawo da abin da na zubar.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Auta

*

Auta,

Sallama a gurguje, gaisuwar ma ka riƙe ta bashi.

Idan ka sayar da kwamfutar nan, wallahi da silifas mai lamba arba'in da biyar zan zo.

Ƙwararru! Ta yaya suka san an yi maka sata, ni ce na gaya musu? Wanda ya yanke maka aljihu ne ya zagayo ta bayan rumfa ya sauya riga, yana tambayar ko ka yar da wani abu. Mai gyaran waya ya ce mutum uku ya sani da suka biya irin wannan lada, har yau suna jira, ɗaya ma ya biya sau biyu.

Yanzu zauna ka ji. Ka tuna yadda nake yi wa sabon dillali? Nakan tambaye shi samfurin takalmin da ba a taɓa ƙerawa ba, sunan ma a take nake ƙirƙira shi. Idan ya ce bai san shi ba, mu zauna mu yi ciniki. Idan ya ce "akwai, Hajiya, gobe zan kawo," sai in ba shi ruwa ya sha, in raka shi bakin hanya.

Ranar da ka kira, kana ta "yi sauri, yi sauri." Ni kuwa duk cinikin da aka ce min saura awa ɗaya, hannuna yakan koma cikin jaka da kansa. Kuma malamina, wato kai, ya ce kada in ba kowa, bai ce ban da shi ba. Sai na jawo kwalin takalma da ke gabana, na karanto maka Turancin da ke jiki, kalma goma sha biyu cif. Har da wadda ke nufin kada a bari ruwa ya taɓa. Ka ce min, "Yauwa, ya karɓa, har ya taya mu murna." Kafin in buɗe baki ka kashe, ka shige aji.

Kuɗin Mama suna nan, ko ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba. Ɗazu na duba. Kalmomin gaske suna cikin gidan tsohon tabaranta, inda na ajiye su tun ranar farko.

Nawa laifin, na ɗauka. Kamata ya yi in rubuta maka wannan ɓaro-ɓaro a wasiƙar farko. Na so ka ɗan dahu tukuna, ban san har ka fara ƙonewa ba. Ka yafe wa Yayarka.

Naka kuɗin, ba zan yi maka daɗin baki ba, da wuya su dawo. Na san na babur ne da kake tarawa, kuma na ji zafin abin har cikin raina. Ga abin da mai gyaran waya ya ce ka yi. Tsohon asusun ya zama ɗakin da ɓarawo ke da mabuɗinsa, kada ka ƙara ajiye komai a ciki, buɗe sabo. Sauya kalmomin sirrinka na imel da na banki. Ɗauki hoton saƙon da shafin da inda kuɗin suka bi, ka kai rahoto wurin hukuma da wurin kamfanin asusun na gaske, ko don na bayanka. Ƙwararrun nan kuma ka toshe su, ba sai ka yi musu sallama ba.

Sannan ka faɗa wa ɗalibanka. Kai da bakinka, ba wai "wani abokina" ba.

Yaya

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Na yi dariya, na yi kuka, maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya.

Na sallami mai sayen kwamfuta. Na kai rahoto, na toshe ƙwararru. Kafin in toshe su na tura musu lambar asusu ta ƙarya, suka ce sun gano kuɗin ciki.

Jiya na tsaya gaban aji na faɗa musu komai. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce mahaifinta ya samu irin saƙon da safe, ta roƙi izinin fita ta kira shi.

Ina tafe ranar Laraba, motar farko. Ki ce wa Mama hannuna ba ya gaggawa yanzu.

Naki,
Auta

*

Auta,

Amin wa alaikumus salam. Mama ta sa an wanke maka zanen gado. Ta ce da an kwance mata bandeji fuskarka take so ta fara gani, don haka ka yi aski.

Kwalin yana nan na ajiye, ban yar ba. Abu ɗaya ne har yanzu ban gane ba, kai da ka yi karatu ka taimaka min: takardar shaidar nan taka da ke rataye a falo, in sauke ta in rataya kwalin, ko bangon zai ɗauki biyun?

Sai ka iso,
Yaya