Waƙafin da Ba Ka Rubuta Ba

Sri Petaling, Laraba, tara ga Sha'aban

Habu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, duk takardar da na miƙo maka ninke ta kake yi ka cusa a aljihu.

Har yau ban huce ba. Shekaru na yi ina bin ka a kan gidan nan da ka saya lokacin kana koyarwa a jami'a. Ka ce waƙafi ne, duk ɗalibin da ya zo daga gida kuɗin karatunsa suka maƙale ya zauna kyauta. A shagon mamak, masu shayin garin nan, ka faɗa, muna shan shayi, ni da Malam Isa muka ji. A wurinka magana ta ƙare, tunda haka mahaifinka ya ba da gonarsa a Funtuwa, a gaban mutum biyu, kuma ba wanda ya taɓa ta.

Na ce maka nan ƙasar waje ce, ba Funtuwa ba. Lissafi da haraji na koyar a garin nan har ranar da kwaleji ta sallame ni, na san abin da nake faɗa. Na ce ka yi rajistar waƙafin a majalisar addini. Ka ce za su karɓe iko, yaranmu su rasa ɗaki. Na ce to ka rubuta wasiyya, ai sulusi naka ne. Ka ce sai bayan Salla. Na nuna maka zakkarka ma, da a ofishin zakka kake biya, da an cire ta daga harajinka, rarar ka ciyar da yaran. Ka ƙi. Hannu da hannu kake rabawa bayan Juma'a a Kampung Baru, ba rasit, sannan ka je ka biya haraji cif. Wai wanda ya karɓi rangwame a duniya ya cinye ladansa tun a nan. Har ka kira ni ɗan boko. Kai mai digiri uku!

To ga labari. Malam Isa ya koma gida, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya magana. Ɗanka Nura ya zo daga otal ɗin da yake aiki a unguwar Bukit Bintang, ya durƙusa ya gaishe ni da Turanci, ya ce za su sayar da gidan a raba gado. Ban ga laifinsa ba. Ƙannensa mata suna Kano suna jiran rabonsu, kuma bai taɓa jin maganar waƙafi daga bakinka ba. Me ya hana ka gaya wa ɗanka, Habu? Ɓoye sadaka har ga magaji? Na je wurin lauya, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce shaidata ba ta da nauyi, don ni ma a gidan nake zaune.

Tsoro nake ji, Habu. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk matsa maka da nake yi, har da kaina nake yi wa. Ran da ka ba ni ɗakin baya ka ce in kula da yara, ni da kai mun san sakaya ni ka yi, ba aiki ka ba ni ba. Yanzu ina za ni? Takardar izinin zamana a ƙasar nan ta kusa ƙarewa. Ƙafafuna suna kumbura, matattakalar jirgin ƙasa ma sai na huta a tsakiya. A gida wa ya rage mini? Waɗanda suka san ni suna maƙabarta.

Akwai wanda ya fi wannan. Tun da lauyan ya tambaye ni ainihin kalmomin da ka furta, na rasa natsuwa. “Na bayar” ka ce, ko “zan bayar”? A da, da an tambaye ni, da na rantse a kan na farko. Yanzu in na tuno teburin, ina ganin bakinka yana motsi, ba na jin sautin. Idan na yi rantsuwa a kan abin da ba haka ba fa? Idan kuma ka bayar ɗin, ni na kasa tsaya maka, me zan ce ran da za mu haɗu?

Ban rantse ba. Na ce wa lauyan ban tabbata ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya ba ka ladan niyyarka cikakke, tunda shi kaɗai ka nema. Sai mun zo.

An sayar da gidan ranar Litinin. Yaran sun kwashe kayansu, ƙarshen wata zan miƙa makulli.

Abokinka,
Lawal