Kwat Mai Tsada a Kicin Ɗin Umma

Litinin, 4 ga Maris
Ƙanena Gyu-won ya bugo daga Seoul. Wai wani kamfanin tufafi na Faris ya ba shi aikin ɗan gajeren fim, kuma a gidanmu na nan Mokpo zai ɗauka. Mutumin da ya sha alwashin ko yunwa za ta kashe shi ba zai yi talla ba. Ya ce, "Ba talla ba ce, Yaya, fim ne a kan Umma." Na ce Umman da ko sunanka ba ta tunawa? Sai ya tuna yana da taro.

Alhamis, 14 ga Maris
Gyu-won da ma'aikatansa sun cika gidan da fitilu da wayoyin wuta. Sun fitar da firjina waje, wai ya yi sabo da yawa. Tsatsa suke so.

Juma'a, 15 ga Maris
Na dawo daga kasuwa na tarar sun zaunar da Umma gaban tukunya, wata doguwar yarinya 'yar talla cikin farin kwat ɗin kamfanin tana tsaye a bayanta, an hana ta ko jingina da bango kada kwat ɗin ya ɓaci. Umma na rawar sanyi da 'yar rigarta. Na fisge waya daga bango, duk fitilun suka mutu. Gyu-won ya ce, "Haba Yaya, saura ɗauka ɗaya." Na ce ni da nake mata wanka kullum ban taɓa haska ta ga duniya ba, kai da kake zuwa sau ɗaya a shekara ka samu kayan ado. A gaban ma'aikatansa na faɗa. Ban yi nadama ba.

Laraba, 17 ga Afrilu
Fim ya fito. Kamfanin ya yanke fuskar Umma, wai tsufanta bai dace da kayansu ba. Hannayenta kawai suka bari, tana juya miya. Shi kuma ya yarda. Ban san wanne ya fi ƙona min rai ba, sa ta da ya yi ko cire ta da suka yi.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Ya kira, ban ɗaga ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu
Maƙwabciyarmu Ok-bun ta nuna wa Umma fim ɗin a wayarta kafin in hana. Umma ta ƙura ido. Ta ce, "Wace ce wannan ta tsaya min a ka da kwat? Ta zauna ta ci abinci mana, dubi yadda ta rame." Can sai ta ce, "Gyu-won ne ya ɗauka. Shi ne kullum yake leƙo ni ta wannan ƙofar."

Na shiga banɗaki na daɗe.

Talata, 23 ga Afrilu
Ban yafe ba. Na dai aika masa lokacin jirgin ƙasa na Asabar, saboda Umma. Kifin da na saya ma ya yi wa mutum biyu yawa.