Kwanon Inna Hajara

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Baure lafiya lau. Damina ta zauna, sai dai rumbu ya yi ƙasa.

Ka san ciyayyarmu da maƙwabciyarmu Inna Hajara, kwano ba ya komawa wayam. Kwanan baya na aika mata tuwo, shiru kwano bai dawo ba. Da na shiga karɓowa, na tarar da shi a wanke a kife, murhunta ko toka mai ɗumi babu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ladi, ba abin da zan zuba, kunyar maido shi haka nake ji."

Kullum rediyo na cewa yunwa ta game duniya, ina ɗauka abin nesa ne. Ashe katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Yanzu nakan kira ta ta taya ni tankaɗe, mu ci tare, ba kwanon da zai tona asiri.

Ka yi mana addu'a Allah ya kai mu kaka. Gai da Yaya Binta da yara. In kun yi waya da Inna Hajara, don Allah kada ka nuna ka sani.

Ƙanwarka,
Ladi