Man Zaitun a Sandar Sirdi

Litinin, 8 ga Janairu

Sirdin kekena ya ƙi sauka. Na danna, na zauna da duk nauyina, ko gezau. Saura kwana biyar ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora a kan keke a nan Azrou ta gwada mu, mu tara, mutum biyu za a ɗauka. Gangaren dajin nan kuwa, in sirdi bai nutse ƙasa ba, ta ka mutum zai sauko. Jar laka ce ta cika bakin sandar da ke ɗaga sirdin da sauke shi.

Talata, 9 ga Janairu

Na wanke, na goge. Matata Itto ta miƙo min kwalbar man zaitun daga kicin: "Shafa masa mana. Da shi na gyara ƙyauren nan, da kunnen uwarka." Na shafa, har da ƙari. Ya sauka sumul, sau goma. Na rungume matata a tsakar gida.

Laraba, 10 ga Janairu

Wayyo ni. A kan dutse sanyi ya daskarar da man, ya kama laka ya zama kamar kwaɓin burodi. Sirdin ya tsaya a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Sau biyu na faɗi. Gwiwata ta kumbura. Tsoro nake ji, gaskiya.

Alhamis, 11 ga Janairu

Mai gyara ɗaya ne a garin nan ya san cikin sandar, Kawu Bassou. Wata bakwai ba ma magana, tun da na sayar da alfadarin kakanmu na sayi keken. Ba zan je ba.

Juma'a, 12 ga Janairu

Na je, bayan masallaci. Bai ɗago ba. Ya dangwali man ya shinshina.

"Keke ne ko salak? Saura tumatir da gishiri."

Ya ƙara da cewa:

"Alfadarin da ka sayar, ka taɓa jin ya ƙi durƙusawa?"

Ya kwance sandar, ya nuna min zoben robar ciki, laka ta cinye gefensa. Sabo sai a birnin Fas, sai mako mai zuwa. Na ce, "Kawu, gwajin gobe ne." Ya wanke, ya sa giris, ya yanko tsohuwar robar taya ya ɗaura a bayan sandar ta tare feshin laka. "Zai sauka sau biyar, ko shida. Kada ka yi ta wasa da shi kamar yaro."

Asabar, 13 ga Janairu

Sau huɗu na danna, sau huɗu ya sauka. Na zo na biyu. An ɗauke ni.

Kawu yana ƙasan gangaren, cikin ruwan sama, hular jallabiyarsa ta jiƙe sharkaf. Wai ya zo duba aikinsa ne kawai. Ya tsuguna da kwankwasonsa mai ciwo yana goge sandar da hannun riga. Ban ce na gode ba. Na dai turo keken a ƙasa har gari, a gefensa, daidai da takunsa.