Dosiyena Yana Maraɗi

Dakoro, Laraba, tsakiyar bazara

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya Agadas, yaya aikin gini, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai zafi da kewarka. Tunda wayarka ta faɗa cikin kwaɓin siminti ba na jin muryarka sai ka ari ta wani, kuma maganar gida ba ta yiwuwa mai waya na tsaye a kanka. Shi ya sa na koma ga bik da takarda. Agali direba, mai kai gero can, ya ce ya san inda maginan Dakoro suke kwana, zai damƙa maka hannu da hannu.

Ka tambayi maganar kuɗina. Ka tuna ranar da ƙungiyar agajin da muke wa aiki ta rufe gidan kula da yara masu tamowa, suka tara mu a gindin dogonyaro suka ce ba za su watsar da mu ba, sun ajiye kuɗi a wata kes, wato asusu, a Maraɗi, kowa za a ba shi haƙƙin sallama da ɗan tallafi kafin ya samu wani aiki. Muka tafa. Ni ma na tafa, Maigida, har tafina ya yi zafi. To tun daga ranar, tafin nan ne kawai abin da na gani.

Na haɗa dosiye yadda suka ce: takardar haihuwa, kwantarar ɗaukar aiki, shaidar aiki, da hoto. Hoton farko suka ƙi shi wai kallabina ya rufe kunne. Na sake. An buɗe mana wani ɗan buro, wato ofis, kusa da tasha, aka sa wani ma'aikaci a ciki, Mushe Abdulaye, ka san haka ake ce wa malam da Faransanci. Kowace Litinin sai mun je mun sa hannu cewa har yanzu ba mu da aiki, don an ce duk wanda ya kama wani aiki za a cire sunansa. Muna zama kan benci ni da Dela mai wanki da tsoho Mamani gardi, mai gadinmu, da sauran, mu sa hannu, ya ce mana dosiyenmu yana Maraɗi, mu tashi. Ba mugun mutum ba ne. Har kunyarmu yake ji, ba ya ɗaga kai idan yana faɗa.

Akwai abin da nake so ka ji daga bakina. Darektan lakwal ɗin unguwarmu ya aiko yana neman mai dafa wa ƴan makaranta abincin rana. Na kwana biyu ina juyawa, na ce masa a'a. Albashin kaɗan ne, kuma in na karɓa, guminmu na shekaru a gidan tamowa ya tafi ke nan. Sun ɗauki wata mata. Ina jin ƙarar tukwanenta daga tsakar gida.

Matan ƙauye har yanzu suna zuwa ƙofarmu da yara a goye, don sun san ni ce mai dama kunu da awon yara. Sai in zagaya ɗan hannun yaron da yatsu biyu, in san abin da na sani, in kwatanta musu hanyar likita. Ba ni da ko cokali ɗaya na ba su.

Ɗiyarka Sa'adiyya ta aiko daga Rumbu, cikin ya tsufa, ƙafafunta suna ɗan kumbura. Ka sa ta a addu'a, ka san yadda na farko ya zo ba rai.

Ka gaida Sallau da duk ƴan gida da kuke tare. Ka riƙa cin abinci.

Matarka,
Hamsatu

Dakoro, Asabar, bayan ruwan shuka

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, ina tambayar lafiyarka da ta abokan zama. Saƙonka ya iso ta hannun Agali, da ɗan shayi da sukarin da ka ƙulle a leda. Allah ya saka da alheri. Ka ce aiki yana tafiya. Agali kuwa da na matsa masa, sai ya kama duban tayar motarsa, ya ce mai ginin ya tsayar da aiki tun watan jiya, kuna fita bakin kasuwa da safe ko wani zai ɗauke ku. Ban ji haushi ba. Ni ma ba duk abin da ke nan nake rubuta maka ba.

An yi ruwa mai kyau daren Lahadi, gari ya fita shuka. Ƙanenka ya aiko daga Korahan in zo mu shuka gonarmu tun ƙasa na da laima. Amma ka ga washegari Litinin ce. Na ce bari in sa hannu da sassafe in bi motar farko. Mushe Abdulaye bai zo ba sai bayan azahar, ɗansa ne ba lafiya. Kafin in isa Korahan ranar Talata, rana ta shanye rabin laimar. Mun shuka abin da muka iya. Gefen tudu bai fito ba.

Yanzu an ce a cikin takarduna sunan babana ya zo iri biyu, wani wuri Mahaman, wani wuri Mohamed, sai na kawo shaidar cewa mutum ɗaya ne. Mutumin da ya yi shekaru a kabari, ni ce zan shaida shi ɗaya ne. Na sayar da akuyar nan mai baƙin kunne na yi takardar. Dela ta gaji, ta koma wankin gidajen mutane a ɓoye, tana zuwa ranar Litinin da hannuwa duk sun yi fari da sabulu, tana tura su cikin zane. Kowa ya gani, Mushe ma ya gani, ba wanda ya tona ta.

Tsoho Mamani shi ke ba mu dariya. Ya ce da yana gadin ƙofa ana biyansa, yanzu yana gadin benci kyauta. Amma ya rame, rigarsa ta yi masa yawa.

Mai gidan haya ya zo sau biyu. Bai ɗaga murya ba, ya zauna ne kawai ya sha ruwa ya tambayi labarin Maraɗi. Duk garin nan ya san labarin dosiyena. In na shiga kasuwa sai a ce, Hamsatu, an fito? Na fara bin bayan layi don kada a tambaye ni.

Na so in ɗauko Sa'adiyya ta haihu a gabana. Na buɗe buhun gero na duba abin da ya rage, na fasa. A gidan mijinta ko ba komai akwai nono. Na aika mata cewa da zarar ta ji alama a kira ni, ko ina ina zan zo.

Barci ba ya isata, kuma ba aikin da nake yi. Ban san zama yana gajiyar da mutum haka ba.

A gaida kowa. Allah ya buɗa mana.

Matarka,
Hamsatu

Rumbu, Alhamis, tsakiyar damina

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Albishirinka: Sa'adiyya ta sauka, namiji, yana da rai, yana da ƙarfin kuka. Sun sa masa Zakariya. Daga Rumbu nake rubuto maka, wani mai kabu-kabu zai kai wa Agali.

Amma ba ni nan lokacin da ta haihu. Bari in gaya maka yadda aka yi, don kada ka ji a bakin wani.

An aiko cewa duk mu je Maraɗi da kanmu, babban mai kes ɗin zai ga fuskar kowa kafin ya buga hatimi, wanda bai zo ba sai zagaye na gaba, kuma ba wanda ya san ranar zagaye na gaba. Muka haɗa kuɗin mota. Muna cikin tasha, mota ta kusa cika, sai surukinka, mijin Sa'adiyya, ya kira ya ce naƙuda ta fara. Na sauko da ƙafa ɗaya, Maigida. Dela ta riƙe mini zane ta ce haihuwa takan daɗe, mu je mu dawo kafin la'asar. Na tuna buhun nan, na tuna mai gidan haya. Na mayar da ƙafata cikin mota.

Muka wuni a barandar buron Maraɗi. Da rana ta karkata wata yarinya mai takalmi mai tsini ta fito ta ce a yi haƙuri, shugaban ya tafi taro Yamai, amma an rubuta cewa mun zo. Ba wanda ya dubi fuskar kowa. Tsoho Mamani ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai yi wasa ba a ranar.

Kafin in iso Rumbu washegari an riga an yanke cibi. Ta sha wuya, jini ya zuba da yawa, a amalanke aka kai ta gidan likita cikin ruwa. Uwar mijinta ta ce tana ta kiran sunana a hanya. Da na shiga ɗakin, Sa'adiyya ta dube ni ta ce, “Inna, an buga hatimin?” Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take tambaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ba a buga ba. Ta juya fuska bango ta ce, “Allah ya sa a buga.”

Zazzaɓi ya kama ta tun bayan suna. Ni ke dafa ruwan wanka, ni ke dama mata kunun kanwa, ni ke riƙe yaron in ta samu barci. Litinin biyu ban sa hannu ba.

Jiya Dela ta kira ta ce sunaye sun fito, nawa na ciki, mai biya zai zo Dakoro gobe Juma'a, wuni ɗaya zai yi ya koma. Ina tsugune gaban murhu lokacin. Na jira in ji daɗi, ban ji komai ba. Na gyara itace. Jikin yarinyar nan kamar garwashi yake, in ta buɗe ido ni take nema. Ba zan je ba. Na san abin da kuɗin nan yake a gare mu, na san don rashinsa ka bar gida da ciwon baya kana ɗaukar bulo. In kuɗin ya koma Maraɗi, ka yafe mini. Na taɓa mayar da ƙafata cikin mota sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba.

Ka yi mata addu'a. Yaron yana da goshinka.

Matarka,
Hamsatu

Dakoro, Talata, gero ya fara kai

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan bayanka ya yi sauƙi. Sa'adiyya ta tashi, alhamdu lillahi. Tana cin tuwo, tana zagaya gida, Zakariya ya yi kumatu. Na dawo Dakoro ranar Asabar.

An biya ni. Ba duka ba, rabi, sauran wai sai an sake zama a kansa. Yadda aka yi shi ne, ranar da mai biya ya zo, tsoho Mamani ya karɓi nasa ya ƙi tashi. Ya zauna a bakin ƙofar buron ya ce akwai mace ɗaya da ke jinyar ɗiyarta a Rumbu, ba a rufe jaka da haƙƙinta a ciki. Aka yi ta lallashinsa, ya ce shi gadi ne sana'arsa, zama ba ya ba shi tsoro. Daga ƙarshe Mushe Abdulaye ya sa hannu ya karɓi ambulan ɗina amana, ya ajiye a gidansa. Jiya ya ba ni a rufe. Shi ne karo na farko da ya dube ni ido da ido, ya ce shi ma ƙarshen wata za a rufe buron, zai haɗa nasa dosiyen. Na ce Allah ya sa hotonsa ya nuna kunne. Muka yi dariya.

Na sallami mai gidan haya, na sayi gero da zai kai mu kaka, na kai wa Mamani goro da sabuwar hula. Abin da ya rage ba shi da yawa. Na zaci ranar da kuɗin nan ya shigo hannuna zan yi guɗa. Na dawo gida ne na kwanta kan tabarma da takalmina, ban farka ba sai da aka kira magariba.

Sauran rabin, in ya zo ya same ni ina aiki. Na gaya wa darektan lakwal in wuri ya samu ina so, kuma gobe zan fara tuya a bakin tasha. Na gama zaman benci.

A cikin takardar nan za ka ga kuɗin mota, na naɗe su a tsakiya. Agali zai juyo ranar Lahadi, ya ce akwai wurinka a gaba kusa da shi, ba a kan buhu ba. Na san abin da ke riƙe ka. Kana so sai ka samu abin da za ka shigo da shi a hannu, kada a ce Malam Zakiru ya je Agadas ya dawo da ledar kayansa kawai. Ba wanda zai faɗa, wanda ya faɗa kuma ni zan amsa masa. Gefen kwari na gonar Korahan ya yi kyau, yana son mai yanka, jikanka kuma bai taɓa jin muryarka ba.

Maigida, na jira Maraɗi, na jira hatimi, na jira mutumin da ya tafi taro. Ƙarfin jira ya ƙare mini. Kada ka sa in ƙara da naka. Ka taho haka nan.

Ina gaida Sallau da sauran, Allah ya ba su sa'a. Sai na gan ka.

Matarka,
Hamsatu