Sunan Mamanta Cikin Jerin Tsarkaka

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan da sauƙi, sai kewa.

Yaya, na yi kuskure, ni da kike tsokana da Malam Duba-Sau-Uku. Kin san ni nake buga takardun cocinmu. Katikis, malamin coci, ya ba ni jeri biyu: na tsarkakan da mawaƙa za su kira ranar Idin Dukan Tsarkaka, da na matattunmu da za a yi wa addu'a washegari. Sunan matata ne farko a jeri na biyu. Ban san yadda hannuna ya kai shi ƙarshen na farko ba. Na duba littafin da nake rubuta ayyukana, na ga na rubuta cewa na karanta takardun sau biyu. Ashe ido na gani, zuciya na wani wuri.

Ranar idi shugabar mawaƙa ta bi tsarkaka ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan sunan, ta ɗan yi turus, sannan ta rera shi. Coci duka ya amsa, ki yi addu'a domin mu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Fada, limaminmu, bai yi faɗa ba. Ya ce in ana neman mai yi wa miji kamun ƙafa a sama, lalle na yi wayo. Damuwata ’yarki ce ta wajena. Wata bakwai ke nan, tun rasuwar mamanta, ta ƙi durƙusawa ta yi addu'a, amma tun ranar idin take addu'a safe da yamma, tana kiran mamanta. Shin in bar ta a kan kuskurena, ko in gaya mata?

Ƙaninki.

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Kin ce in yi shiru, wai ba duk gaskiya ake ɗora wa ’yar shekara tara ba. Ki gafarce ni, ban bi shawararki ba. Na ji tsoron ta ji a bakin ’yan ajinsu.

Jiya ’yarki tana goge takalmin makaranta a bakin ƙofar kicin na zauna kusa da ita. Na bayyana mata a hankali: ranar farko tsarkaka ne ke yi mana addu'a, rana ta biyu mu ne ke yi wa namu. Na ce wurin mamanta a takarda ta biyu yake, babanta ne ya ruɗe.

Ba ta yi kuka ba. Ta gama ƙafa ɗaya, ta ɗauki ɗayar. Sai ta ce ta gane, za ta riƙa yi wa mama addu'a. Can kuma ta tambaye ni, to ita, in ta ji tsoro, wa za ta kira?

Shi ya sa na zauna rubuto miki, Yaya. Don Allah ki zo ko da kwana biyu ne.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙaninki mai kewarki.